Yariman Wazanga a Kan Ƙyaure

Ku gyara zama ku ji wannan. Wanda kuma ya ce na ƙara gishiri, ya je Ɗinya Biyu, can gabas da Bunkure, ya tsaya a kan kwalbatin kanal ya tambayi duk wanda ya fara gani.

Akwai wani mutum ana ce masa Tambaya. Ci-rani ne ya kawo shi garin, tsinkar tumatir, sai ya ga ruwa na gudu rani da damina, ya ce shi kam ya ga wurin zama. Ya samu ɗan fegi yana noman rani. Ba rago ba ne, wannan a ba shi. Matsalarsa ɗaya, baki. In ya kashe ɓera, kafin la'asar ya zama gafiya, kafin magariba kura ce, shi kuma da hannu ɗaya ya shaƙe ta.

To, sai Allah ya jarabce shi da son Barira. Bazawara ce, mijinta ya rasu, ita ke da manyan tukwanen turara shinkafa a bakin kanal, da shanya shimfiɗe a kan tamfol har gefen hanya. Mace ce mai kaifin harshe, amma in Tambaya ya zo zance sai ka ji dariyarta daga nesa. Yana son ta, son da har abinci ba ya shiga in bai gan ta ba. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Abin da ya rage kawai amincewar yayanta Hambali, wanda shi ne waliyyinta.

Ranar da Tambaya ya je zauren Hambali, aka gaisa, aka taɓa zancen albasa da tsadar taki, sannan Hambali ya ce, "Malam Tambaya, mun ji, mun kuma gode. Sai dai mu gidan nan ba ma ba da aure sai mun san asali. Kai ɗan wa ne, kuma daga ina?"

Amsar ba ta da wuya. Shi ɗan Malam Mika'ilu mai jaki ne, daga wani ƙauye a bayan Madobi, dattijon da ya yi rayuwarsa yana dakon taki a mangala zuwa gonakin mutane. Sai dai tun yana ƙarami abokan wasa ke kiransa ɗan mangala, suna toshe hanci in ya wuce, abin kuma bai taɓa fita daga ransa ba. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji kunya ta shaƙe shi, shaiɗan kuwa ya karɓi sitiyari.

"Yaya Hambali," in ji shi, ya rage murya, "na so in ɓoye, amma tunda ka tambaya. Ni Bawazange ne. Jinin sarautar Wazanga."

"Ikon Allah! Ina ne kuma Wazanga? Ta Zariya ake bi ko ta Wudil?"

"Ba a zuwa a mota. Ƙasa ce mai wata biyu, ja da fari. Koginmu ranar Alhamis sama yake gudu. Sarakunanmu ba sa hawa komai sai kunkuru, kowane ɗaya ya kai rumbu girma."

"To, mahaifin naka fa?"

"Sarki Gandazo. Dodon kogi ne ya haɗiye shi a fagen fama, shi da kunkurunsa." Tambaya ya share ido da gefen riga.

Hambali ya daɗe yana shafa gemu. "Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Shi da kunkurun."

Kafin gari ya waye labari ya riga Tambaya isa teburin Musbahu mai shayi. Mai hankali da nan zai ja birki. Shi kuwa da ya ga mutane sun kewaye shi baki buɗe, sai ya gyara hula ya ci gaba da gini. Ya ba su labarin yadda sarkin Wazanga ke raba kogi gaɓa-gaɓa ga hakimansa, kowane hakimi da baransa, kowane bara da takalmin ubangidansa da yake ɗorawa a ka ranar mubaya'a. Ya ce sarkinsu ba shi da karaga, a kan ƙyauren ƙofa yake zama, shi ya sa ake ce masa Mai Ƙyaure. Ya ce da albasa ake biyan haraji, wanda ya kawo ruɓaɓɓiya a sa shi ya cinye a gaban fada.

"Dokokinku fa, ranka ya daɗe?" in ji Musbahu yana sheƙa shayi.

Tambaya ya ɗaga yatsa. "Ta farko, ubangida ba ya kai loma baki sai baransa ya ƙoshi. Ta biyu, yarima in zai je neman aure ta ruwa yake zuwa, a tsaye kan ƙyaure, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ta uku, wanda ya faɗo daga kan ƙyaure sarauta ta zube, ya zama baran duk wanda ya tsamo shi, har sai an yi girbi."

A wajen akwai Baballe da Maikuɗi, 'yan tsinkar tumatir guda biyu da ba a taɓa ganin sun ƙoshi ba. Suna jin doka ta farko suka dubi juna. Baballe ya tsuguna ya zare silifas ɗin Tambaya na dama ya ɗora a ka, Maikuɗi ya ɗauki na hagu.

"Mun yi mubaya'a, ranka ya daɗe!"

Daɗi ya kama Tambaya har kunnuwansa na motsi. Nan take ya naɗa Baballe Sarkin Lema, ya naɗa Maikuɗi Magajin Kunkuru. Ya ce Musbahu ya soya masa ƙwai da burodi a yi murna. Ana ajiye faranti, Baballe ya ja shi gabansa.

"Kai, lafiya?"

"Doka ta farko, ranka ya daɗe."

Aka sake soya wani, Maikuɗi ya ja. Aka soya na uku, suka raba. Tambaya ya tambaye su ko sun ƙoshi, suka ce ai yanzu ma aka buɗe hanya. Haka yarima ya tashi daga teburin da ruwan bunu a ciki, ba takalmi a ƙafa. Daga ranar kuwa duk inda ya sa tukunya, sai ga fadawa sun iso suna kirari. Kazarsa mai ƙwai ta tafi, buhun garinsa ya bi bayanta. Tambaya ya fara ramewa, Sarkin Lema kuwa har ya yi kumatu.

Da ya je zance, Barira na juya shinkafa a kan tamfol, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa, mai wata biyu."

"Yauwa, gimbiyar gobe."

"Tambaya, ni fa miji nake nema, ba kunkuru ba. Je ka faɗa wa Yaya gaskiya tun dare bai yi maka ba. Ko ɗan wa kake, ai mutum ne ya haife ka."

"Barira, jini ba ya ƙarya."

"Jini kam ba ya yi. Baki ne ke yi."

Maganar ta soke shi, har ya juya ya nufi gidan Hambali da niyyar tuba. Sai ya tarar ba ya nan, wai ya hau babur ya yi wajen Madobi neman taki mai kyau don albasarsa. Gaban Tambaya ya ɗan faɗi, amma ya ce a ransa Madobi ai da faɗi take. Kafin ya dawo gida fadawa sun tare shi da kirari, tubar ta bi iska.

Bayan kwana biyu Hambali ya aiko kiransa, ya tarbe shi da fara'ar da bai taɓa yi masa ba.

"Ranka ya daɗe, na yi shawara da dangi. Ba za mu tauye maka al'ada ba. Ranar kasuwar Bunkure ka zo neman auren yadda kakanninka ke yi, ta kanal, a kan ƙyaure. Za mu jira ka a kwalbati, kusa da shanyar Barira. In ka iso lafiya, magana ta ƙare."

"Ai... ba sai an wahalar da jama'a ba, Yaya."

"Haba! Ɗan Sarki Gandazo guda? Na riga na sanar a masallaci."

Baki shi ke yanka wuya. Tambaya ya koma gida ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa da kansa, a daren kuwa awakin maƙwabta suka shiga suka yi wa irin tumatirinsa walima. Aka ɗaure jarkoki a ƙarƙashin ƙyauren. Aka nannaɗe kwandon tumatir da ledar ƙyalli ya zama kambun sarauta, dogo kamar hasumiya. Gidan sauro ya zama alkyabba, murfin tukunya ya zama sulken ƙirji. Magajin Kunkuru ya yini a fadama ya samo wani kunkuru da bai wuce tafin hannu ba, ya sako shi a kwanon sha.

"Wannan ne ya kai rumbu?" in ji Musbahu.

"Jariri ne," in ji Tambaya. "Iskar ƙasarku ce ba ta karɓe shi ba."

Ranar kasuwa tun da hantsi kwalbati ya cika. Masu kai kaya Bunkure suka tsayar da baburansu, masu kwandunan tumatir suka sauke, mata suka leƙo ta kan danga, samari suka ɗaga wayoyi suna jiran abin ɗauka. Hambali ya sa aka shimfiɗa tabarma ya zauna da dattijai. Can gefe kuma, a gonar albasarsa, wani tsoho yana sauke taki daga bayan jaki, ba wanda ya kula da shi.

Can sama da kwalbatin, inda kanal ya yi kwana, fadawa suka ɗauko Tambaya cak suka ɗora shi a kan ƙyaure, suka tura cikin ruwa. Ƙyaure ya yi gaba taku ɗaya ya zauna daram a taɓo. Ashe ranar rabon ruwan gonakin sama ce, kowa ya zura tiyonsa yana sha, abin da ke gangarowa bai kai ƙauri ba.

"Ku tura!"

"Mun tura, ranka ya daɗe. Kai ne ka yi nauyi."

"Ni da kuka cinye ni har ƙashi?"

Sauka ba dama, doka ta biyu ta hana. Rana ta take, murfin tukunya ya ɗau zafi yana gasa masa ƙirji, Sarkin Lema kuwa ya buɗe lemar ya rufe kansa, ya ce zai fara gwada ta ne ko da guba a ciki. Daga kwalbati ana jiyo samari suna ihu, "Ina yariman? Ko dodon ya haɗiye shi ma?"

Sai dabara ta faɗo wa Tambaya. Duk manomin rani ya san in ruwa ya yi ƙasa, buhun yashi ake jefawa a kanal ya ɗan taso. Amma kuma kowa ya san buhu biyu ne ko uku, a ranar rabonka, kana tsaye a kai, kana gamawa ka janye. Tambaya ya ce yarima ba ya abu kaɗan. Ya sa fadawa suka kwaso duk buhunan da ke gefen kanal suka gina katanga daga gaɓa zuwa gaɓa, kaɗan a gabansa.

Ruwa ya fara taruwa. Ƙyaure ya motsa, ya ɗaga, ya yi sama. Tambaya ya miƙe tsaye ya baza alkyabba.

"Kun gani? Kogi ya san jininsa!"

Sai dai ruwan da aka tare ba ya tafiya ko'ina. Ƙyaure ya shiga juyi a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa, yarima na kallon gabas, yana kallon yamma, jiri na ɗibarsa. Ruwan kuwa da ya rasa hanya sai ya haura gaɓa ya bi gefen titi, ya miƙe sak sai shanyar Barira.

"Wayyo shinkafata!"

Mata suka yi ca a kan tamfol suna ja, suna kwasa da ƙwarya da zani. Barira ta tattare haɓar zane ta shiga ruwa tana tsine wa Wazanga, watanta ja da watanta fari. A daidai lokacin kuma sai ga manoman ƙasa, waɗanda ruwa ya ɗauke musu ɗif suna tsakar ban ruwa, sun taso da fartanya a kafaɗa.

"Wane ɗan banza ne ya toshe kanal?"

"Umarnin Mai Ƙyaure ne," in ji Baballe, yana ja da baya.

"Mai me?"

Ba su jira bayani ba. Suka dira cikin ruwa suka fincike buhunan tsakiya. Sarkin Lema ya yar da lema, Magajin Kunkuru ya yar da kwano, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kunkurun ma ya samu hanya ya nutse abinsa.

Jama'a, ruwan nan da ya samu ƙofa, sai ya ɗauki ƙyaure kamar an harba shi daga gwafa. Ga Tambaya nan tafe, alkyabba na tashi a bayansa, hannuwa a baje, baki a buɗe. Mutanen kwalbati suka ɗauka kirari yake, suka ɗau tafi. Sai da ya matso suka ji abin da yake faɗa.

"Ku tare ni! Don Allah ku tare ni! Ban iya ruwa ba!"

"Sunkuya!" in ji Musbahu.

"Yarima ba ya sunk..."

Ƙwal! Kambun sarauta ya daki bakin kwalbati ya nutse masa har wuya. Ƙyaure ya shige ta ƙasa ya fita ta wancan gefe shi kaɗai, ya kama hanyar Wazanga. Yarima kuwa ya yi tsamo-tsamo a bakin ramin kwalbatin, gidan sauro ya nannaɗe shi kamar kifi a koma, ƙafafu a sama, yana shan ruwan taɓo yana kiran sunan Allah ta cikin kwando.

Dariya ta hana samari motsi. Tsohon nan mai taki ne ya taho da sauri, ya warware igiyar mangala, ya yi zarge ya jefa ta kama ƙafa ɗaya. Ya ja, ƙarfinsa bai kai ba. Sai ya ɗaura ɗaya bakin a jikin jakinsa ya ce, "Kur!" Jaki ya sa ƙarfi, Tambaya ya fito suuu ta cikin taɓo har kan gaɓa.

Tsoho ya tsuguna ya zare kwandon, ya sa hannun riga ya share taɓon da ke fuskar. Sai hannunsa ya tsaya. Tambaya ya buɗe ido ya ga furfurar da ya sani, da rigar da ya sani, har da jakin da ya sani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zai shige.

Hambali ya taso a hankali. "Baba Mika'ilu, ka san shi ne?"

Tsoho ya ce, "Shi ɗan wa ya ce muku yake?"

"Ɗan Sarki Gandazo!" in ji jama'a baki ɗaya. "Wanda dodo ya haɗiye da kunkurunsa!"

"Allah sarki," in ji tsoho. Ya miƙe yana naɗe igiyarsa. "To ban san shi ba. Na dai ga ya yi kama da wani yarona da nake goyawa a bayan jaki in zazzaɓi ya kama shi. Amma nawa ubansa na nan da rai."

Masu waya suka sauke hannu. Tsoho ya kama jakinsa ya juya. Tambaya ya bi bayansa. Ya rarrafa ya riƙe ƙafar tsohon, ya fashe da kuka irin na yara, ba kunya.

"Baba, ni ne! Jama'a, ƙarya na yi! Babu Wazanga, babu wata biyu! Ni Tambaya ne, ɗan Malam Mika'ilu mai jaki! Ɗan mangala ne ni!"

"Ai mun sani," in ji Hambali. "Tun ranar da na je Madobi. Duk wanda na tambaya sai ya ce Malam Mika'ilu bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Da ka faɗi sunansa a zaurena, da tuni an sha biki."

Tambaya ya ɗago jajayen idanu ya dubi Barira. Tana tsaye, zane jiƙe, jiƙaƙƙiyar shinkafa a ƙwarya.

"Barira, yanzu ai shi ke nan, ko? Tunda babu Wazanga..."

"A'a, akwai ta," in ji Barira. "Wazangar da ta jiƙa min shanya ba za ta ɓace yau ba. Musbahu, me doka ta uku ta ce?"

"Wanda ya faɗo daga ƙyaure ya zama baran wanda ya tsamo shi, har girbi."

"Na yarda," in ji Tambaya da sauri. "Zan yi wa Baba bauta."

"Wa ya ce Baba? Baba ya ja, bai iya ba, kowa ya gani." Ta nuna da baki. "Ga wanda ya tsamo ka can."

Jaki ya kaɗa kunne. Kwalbati ya ɗauki ihu, har tsohon sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"In an yi girbi," in ji Barira, "ubangidanka ya sallame ka lafiya, sai Baba ya zo zauren Yaya ya nema maka. Ta ƙasa, da ƙafarsa."

Haka kuwa aka yi. Duk wannan rani, in ka bi hanyar Ɗinya Biyu da safe, za ka ga jaki a gaba, tsoho a gefe, Tambaya a baya da cebur a kafaɗa da damin harawa a ka, don doka ta farko ma Barira ta ce a juya ta, sai jaki ya ƙoshi zai karya. In sun zo wucewa ta teburin mai shayi, Baballe da Maikuɗi sukan miƙe su cire hula, su dunƙule hannu su ce, "Ranka ya daɗe!"

Ranar farko Tambaya ya manta, ya ɗaga hannu zai amsa.

"Sauke hannunka, ɗana," in ji tsoho. "Ba da kai suke ba."

Ƙurunƙus, kan kunkurun da ya tsere.